Wanda Ya Fi Buƙatar Horon Gwamnati Shi Ke Fara Gudu

Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. A Kano nake da shago, kuma tun da sauran ƙuruciyata nake cikin wannan aiki har ga shi furfura ta fara leƙowa. A tsawon wannan zama an sha turo min yara daga shirye-shiryen koyar da sana'a na gwamnati, wasu na tarayya, wasu na jiha, wani lokacin ma na ɗan majalisar da zaɓe ya matso masa. Tsarin kusan ɗaya ne. Jami'i zai zo da takarda mai jerin sunaye, ya leƙa shago, ya tambayi abin da nake iya koyarwa, ya ajiye rajistar da za a riƙa sa hannu kullum, ya ce za a biya ni kuɗin koyarwa, su ma yaran za a riƙa ba su alawus. Makon farko benci ba ya ɗaukarsu. Kafin wata na biyu ya ƙare ka fara ganin fili.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne su wane ne ke tafiya. Wanda ke zama har ranar yaye, galibi za ka tarar akwai tuwo a gidansu ko ya fita ko bai fita ba. Ubansa ma'aikaci ne, ko yayansa na da shago a Kantin Kwari, ko dai akwai mai ba shi kuɗin mota. Wanda kuwa aka ce don shi aka yi shirin, maraya, ɗan ga-ruwa, mai turin baro, wanda ya bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, shi ne ke fara yin fashi, daga nan sai ka neme shi ka rasa.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Dako yake yi a kasuwar Dawanau kafin sunansa ya fito, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa na suyar awara, ƙanne na bayansa. Hannunsa na da kyau ƙwarai. Akwai yaron da sai ka yi ta maimaita masa yadda ake riƙe kan walda, wannan kuwa kallo ɗaya ya yi ya haɗa bututun jan ƙarfe ba tare da ya bar ƙofar da gas zai zurare ba. Sai alawus ya yi jinkiri. Aka ce matsalar banki ce, aka ce ana tantance sunaye, aka ce wata mai zuwa za a haɗa a biya gaba ɗaya. Wata rana bayan La'asar ya tsuguna gefena ya ce, "Maigida, ina neman alfarma. Gobe ba zan samu zuwa ba, wataƙila har jibi." Na ce, "Lafiya dai ko? Ko jikin tsohuwa ne?" Ya ce, "Lafiyarta lau, Maigida. Tukunya ce ba ta hau ba tun jiya." Na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya dawo ya ƙara ɗan lokaci, amma ni ma ba gwamnati ba ce. Ya koma Dawanau. Da kuɗin suka tashi fitowa, sun fito a dunƙule, bayan an riga an soke sunansa saboda rashin halarta.

Ana cewa horon kyauta ne, kuma gaskiya ba a karɓar ko sisi a hannun yaro. Amma mai cin abinci daga aikin yini, duk ranar da ya zauna a bencina ya biya ta da abincin gidansu. Wannan lissafin ne ban taɓa ganin an saka shi yadda ya kamata a takardun masu tsara shiri ba. Ɗauki shirin N-Power na gwamnatin tarayya, ɓangarensa na waɗanda ba su da digiri, wanda ake kira N-Build, inda ake koyar da kanikanci, kafinta, gini, aikin famfo, wayarin da walda. Tsarinsa ba laifi: wata 3 a cibiyar horo, wata 9 a hannun mai sana'a. Alawus ɗinsa a lokacin naira 10,000 ne a wata, alhali masu digiri da aka tura aiki a makarantu da asibitoci suna karɓar naira 30,000. Raba 10,000 a kan kwanakin aiki 26, za ka samu abin da bai kai naira 400 ba a yini. A 2016 da aka fara N-Power wannan kuɗin zai kai ka ya dawo da kai a Adaidaita Sahu, wataƙila har ka sha koko da ƙosai. Bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zo ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin nan ko zuwa ba zai kai ka ba balle dawowa. A Oktoban 2023 ma an dakatar da N-Power baki ɗaya don bincike, ana bin gwamnati bashin alawus na watanni. Hausawa sun riga sun gama magana: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ni a yadda na koyi sana'a ba a san alawus ba, amma an san ciki. Mahaifina ya kai ni wurin maigidana da goro da addu'a, ya ce ga ɗanka nan. Tun daga ranar abincin rana a wuyan maigida yake. In an yi aiki mai maiƙo sai ya miƙo na sabulu, in sallah ta zo ya yanka maka yadi. Kai kuma ka share shago, ka ɗauki akwatin kaya, ka hau tsani, ka sha faɗa. Shekaru ake yi. Ba na cewa tsarin ba shi da zalunci a wasu wurare, akwai iyayen gida da ke riƙe yaro yana musu bauta sun ƙi yaye shi, akwai masu ɓoye sirrin aiki. Sai dai tsarin ya san abu ɗaya: yaro ba ya koyo da yunwa, kuma a ranar ake magance ta, ba a ƙarshen zango ba.

A yi wa gwamnati adalci, ta taɓa gane darajar wannan tsari. Lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida, wato SAP, ya fara cizo, aka rage ma'aikata, masana'antu suka fara tangaɗi, sai aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, a ƙarshen 1986, ta fara aiki a farkon 1987. Babban shirinta na koyon sana'a bai tsaya gina ajujuwa ba. Ya ɗauki matasa ya kai su shagunan masu sana'a da ke nan cikin gari, ana biyan maigida ana ba yaro ɗan abin kashewa. Har da motar da aka mayar ɗakin koyarwa tana shiga ƙauyuka. Kafin NDE ma akwai asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, kamfanoni na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu don horo. Bayan su aka yi hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001 zamanin Obasanjo, wadda ba abin da ya rage a bakin mutane game da ita sai sunan keke. Aka yi SURE-P, shirin juya rarar kuɗin tallafin man fetur, a 2012 zamanin Jonathan. Aka yi N-Power. Yanzu ga 3MTT na masu koyon aikin kwamfuta tun 2023, ga kuma sabon shirin koyar da sana'o'in hannu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2025, wanda aka ce kashi 80 na karatunsa aiki ne da hannu. Ba mu da ƙarancin shirye-shirye. Kowace gwamnati da nata, da sabon suna da sabuwar riga mai tambari.

Sai maganar lokaci, wadda ita ma ke komawa ga aljihu. Aikin firji yana da kaka. Daga Maris zuwa Mayu, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, ba ma samun sukunin zama: masu sayar da ƙanƙara, masu zoɓo da kunun aya, masu shagon magani, kowa firizarsa ta tsaya kuma kowa yau yake so. A irin wannan lokaci yaro zai ga lalura iri-iri a mako guda, kuma ina iya sallamarsa da wani abu kullum domin kuɗi na shigowa. A hunturu kuwa sai mu yini muna sauraron rediyo. To, an taɓa turo min ayari a tsakiyar Disamba, horon wata uku, saboda a lokacin ne kuɗin kasafi suka fito kuma dole a kashe su kafin shekara ta rufe. Me zan nuna musu? Na kwance wata tsohuwar firji muka yi ta haɗawa muna wargazawa. Ranar da zafi ya fara, aiki ya fara shigowa, ranar suke karɓar satifiket. A takarda sun zama masu gyaran firji. A zahiri ba wanda zan iya tura shi gidan mutane shi kaɗai, don kada ya ƙona kwamfiresa a zo ana sallama da ni.

Ranar yaye kowa ya san yadda take. Rumfa, kujerun roba, mai girma ya makara, jawabi, hoto, sannan a miƙa wa kowa kayan sana'a. Kuma kowa ya san cewa a bakin ƙofa akwai masu jira da kuɗi a aljihu. Kafin Magariba keken ɗinkin da aka ɗauki hoto da shi ya koma kasuwa a rabin kuɗinsa. Mutane na zagin yaran, ana cewa ba su da zuciyar nema. Wasu kam haka ne, akwai waɗanda tun farko kayan suka kawo su, ba sana'ar ba. Amma ka tambayi da yawansu ka ji. Wanda ya yi watanni yana cin bashin mai shayi da mai garin kwaki da sunan in alawus ya fito zai biya, ranar da aka ga ya shigo unguwa da kwali a ka, ranar masu bashi ke sallama. Ga kuma kayan kansu. A namu aikin an taɓa ba yara jaka mai geji da filaya da sukundireba da mita, babu injin zuƙe iska, babu tukunyar gas, babu kan walda. Waɗannan ukun kuwa su ne masu tsada, kuma in babu su ba ka iya cika wa firji gas. Wanda ya yi odar jakar bai taɓa tambayar mai sana'a ba. Yaro na riƙe da rabin kayan aiki, ba shago, ba wuta, ba wanda ya san shi balle ya ba shi amanar firizar da yake ci da ita. In ya sayar ya biya bashi, ni ban ga wauta a nan ba.

Na karanta labarin wani gwaji da aka yi a Uganda wanda ya tsaya min a rai. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ba ƙungiyoyin matasa marasa galihu a arewacinta kuɗi a hannu, kusan dala 380 kowane mutum, su da kansu su nemi mai koya musu sana'a su sayi kayan aiki. Da ƙuri'a aka zaɓi ƙungiyoyin da za su samu, don haka aka iya kwatanta su da waɗanda ba su samu ba. Yawancin kuɗin a kayan aiki da jari suka tafi, ba a shashanci ba kamar yadda aka yi tsoro. Bayan shekara 4, abin da suke samu ya ɗara na sauran da kusan kashi 38 cikin 100. Da masu binciken suka sake komawa bayan shekara 9, sai suka tarar waɗanda ba su samu ba sun kamo su wajen kuɗin shiga, ko da yake masu tallafin sun fi su kadara kuma sun fi zama cikin sana'ar hannu. Wato tallafin ya gaggauta musu tafiya, bai mayar da su attajirai ba. Abin da ya fi burge ni ma ba sakamakon ba ne. Mutane ne suka bi sawun matasan nan shekara tara suna tambayar ina suka kwana. Ni kuwa duk yaran da aka taɓa turo min, ba a taɓa dawowa bayan yaye an tambaye ni ko mutum ɗaya yana ina ba. Rajistar sa hannu ake karɓa, da hoton rukuni.

Ɓangaren mata ya fi ban takaici, kuma a gida nake ganinsa. Ƙanwata bazawara ce mai 'ya'ya, ta shiga horon da aka yi wa matan unguwarsu na haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren wuta. Ta iya, kayanta na da kyau. Matsalar ita ce duk matan layin tare aka koya musu, rana ɗaya, abu ɗaya. Wa zai saya wa wa? Ta ce min, "Yaya, yanzu fa kowane gida in ka shiga da jarkar sabulu a bayan ƙofa." Wanda ya tsara ya zaɓi sana'ar da ake iya koyarwa cikin kwana biyu a ɗakin taro, bai zaɓi wadda kasuwa ke nema ba. Horon da ya fi tsawo kuma, irin na ɗinki ko saƙa, wa zai riƙe mata yara in ta tafi cibiya tun safe? Mai kuɗin 'yar aiki ko mai uwa a kusa ita ke kammalawa.

Tun a ƙofar shiga ma ake fara tace talaka. Yawancin shirye-shiryen yanzu ta intanet ake cike fom. Sai kana da lambar NIN, da BVN, da asusun banki wanda sunan da ke kai ya dace da na katin harafi da harafi, da imel, da wayar da za a turo maka saƙo. Almajirin da ya girma ya zama mai wankin hula ba shi da ko ɗaya. In ya je shagon intanet a cike masa, sai ya biya. Inda kuma aka ce a raba ta hannun shugabanni, mun ga yadda ake yi. Ku tuna shirin ayyuka 774,000 na 2020, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata na tsawon wata 3. Tun kafin a ɗauki mutum ɗaya, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, da 'yan kwamitin Majalisar Tarayya suka yi cacar baki a gaban 'yan jarida, kuma kowa ya fahimci cewa rigimar a kan wa zai riƙe jerin sunaye ce.

Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su a lissafi, domin kusan kowane shiri na da iyakar shekaru, galibi 35. Magidancin da ya yi rabin rayuwarsa a masaƙa fa? Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, a nan Kano kuma duk mai yawo a Sharaɗa da Bompai da Challawa ya san gine-ginen da ciyawa ta cinye. Mutanen nan sun san inji, sun san wuta, sun san zuwa aiki a kan lokaci. Da ɗan horo kaɗan da jari da sun zama iyayen gidan wasu. Haka 'yan acaɓa da aka hana ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013: dare ɗaya dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a. Mai iyali ba zai iya zaman wata shida a benci yana jiran alat ba, ko da an ɗage masa iyakar shekarun.

Kada a ce ban ga inda abin ya yi amfani ba. Na gani, a jikina ma. Saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, an daina amfani da tsohon gas ɗin R12, aka koma R134a, yanzu kuma yawancin sababbin firji da R600a suke zuwa. Shi wannan na ƙarshen yana kama wuta, kuma ɗan kaɗan ake sa wa, da awo. Wanda ya saba da tsohon aiki in ya kai wuta kan bututu bai fitar da gas ba, zai iya rasa gira ko abin da ya fi gira. An tara mu masu sana'ar aka yi mana horon 'yan kwanaki a kan wannan, kuma har yau ina cin moriyarsa. Gajeren horo na yi wa wanda ya riga ya iya aiki, yana da shago da masu kawo masa gyara, amfani sosai. Kuskuren shi ne a ɗauki irin wannan gajeren horo a ba wanda bai taɓa riƙe sifana ba, a ce an ba shi sana'a.

Haka nan abin da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke yi da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna ya yi min daidai: a je inda ake aikin, a gwada mutum a kan abin da hannunsa ya iya, a ba shi takardar shaidar ƙwarewa da kamfani zai yarda da ita. Akwai ƙwararru da yawa da takarda kawai ta hana su shiga manyan ayyuka. A Kano ma an zuba dukiya. Kwankwaso a zangonsa na biyu, 2011 zuwa 2015, ya buɗe cibiyoyin koyar da sana'a fiye da 20, irin su ta kwamfuta a Kura, ta tuƙi a Kumbotso, ta gyaran tarbiyya a Kiru. Da gwamnati ta sauya da yawansu suka daina aiki, sai bayan 2023 aka shiga sake buɗe su. Ganduje shi ma ya gina katafariyar cibiya mai sunan Aliko Dangote a kan titin Zariya, wadda Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Gine-gine da injuna muna da su. Amma yaron Rimin Kebe ko Ɗorayi da zai je can kullum, tambayarsa ta farko ba ingancin injin ba ce, nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma me zai ci da rana.

Kwanakin baya wani jami'i ya sake zuwa da takarda, yaro ne matashi mai ladabi, da ganinsa shi ma aiko shi aka yi. Na ce masa, "Ɗana, zan karɓa, amma da sharaɗi." A turo su a Fabrairu, kafin zafi ya kankama, su yi aƙalla shekara. A rage yawansu zuwa abin da bencina da idona za su iya ɗauka. Alawus a riƙa biya duk mako, ko da kuɗin bai ƙaru ba, in kuwa ba zai yiwu ba a ba mai abincin da ke bakin layinmu kuɗin kwanon rana kai tsaye. Kayan yaye kuma a bar ni in rubuta jerinsu, a ajiye su a shagona, yaro ya riƙa fita aiki da su a ƙarƙashina har ya tara masu kiransa, sannan ya ɗauka ya tafi. Ya rubuta duka a bayan fom ɗinsa, ya ce, "Baba, wallahi gaskiya ka faɗa, amma biyan mako-mako ba ya cikin tsarin da aka amince da shi. Zan dai kai sama." Na ce ya kai. Sunayen da ya bar min na nan a cikin durowa, kuma na riga na sa alama a gefen waɗanda aka rubuta marayu ne, don su zan fara nema wa aikin fita da ake sallama a ranar.